Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Daga Wudil Zuwa Ga Shugabannin KEDCO Kan Wutar Hasken Rana

Wudil, Jihar Kano.

Zuwa ga Shugaban Hukumar Gudanarwa, da Manajan Darakta, da sauran manyan ma'aikatan Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Kano.

Ina fatan Allah Ya taimake ku bisa nauyin jama'ar Kano da Katsina da Jigawa da ke wuyanku.

Labari ya iso mana nan bakin kogi cewa tun sa'ad da kamfanin Future Energies Africa ya karɓi ragamar KEDCO a shekarar 2023, hankalinku ya karkata ga samar da wuta daga hasken rana da adana ta cikin batura, har kun haɗa hannu da kamfanin Bagaja Renewables aka kafa tasha mai ƙarfin megawat 1 a Zawaciki ta ƙaramar hukumar Kumbotso, kuka kuma bayyana niyyar kafa layi na kanku mai kimanin megawat 100 wanda ba zai rataya ga babban layin ƙasa ba. Wannan azama ce abar yabo, kuma da yake nasiha haƙƙi ce da ke kan talaka ga shugaba kamar yadda take kan shugaba ga talaka, na ga ya wajaba in rubuto muku abin da nake gani maslaha tun aikin yana ɗanye, kafin a zuba kuɗi a inda gyara zai yi wuya.

Babu mai hankalin da zai yi jayayya da ku a kan asalin wannan shawara, domin hujjojinta a sarari suke. Mafi yawan wutar da muke sha a ƙasar Kano baƙuwa ce, tana tasowa daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da tashoshin iskar gas na Kudu, ta keto dazuzzuka a kan ƙarafa, ta biyo ta Kaduna kafin ta sauka Kumbotso. Duk abin da ya sami wannan doguwar igiya a hanya kuwa, mu da ke ƙarshenta ne za mu ji a jikinmu. Mun ga zahirin haka a watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sa'an nan layin da ke tasowa daga Ugwuaji ta Apir ya samu matsala, Arewa ta kwana cikin duhu sama da mako guda, ƙanƙara ta zama sai mai hali, masu injin niƙa da masu walda suka zauna hannu rabbana. Kafin wannan kuma, janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, ya riga ya mai da janareta abin da ƙaramin mai sana'a ba ya iya ciyarwa. A ɗaya gefen, farashin faifan sola da na baturan litiyam ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 daga 2010 zuwa yau, Dokar Lantarki ta 2023 ta buɗe wa jihohi ƙofar tsara kasuwar wutarsu, Bankin Duniya kuma ya amince da dala miliyan 750 a ƙarshen 2023 don irin waɗannan ayyuka ta hannun Hukumar Samar da Lantarki a Karkara. Rana kuwa ni'ima ce da Allah Ya hore mana ba da awo ba, ba ta biyo dajin kowa, ba a yi mata kwanton ɓauna.

Sai dai tarihin ƙasarmu ya koya mana cewa kyawun niyya da yawan kuɗi ba su isa su haifar da wuta ba. Tashar iska ta Lambar Rimi a Jihar Katsina, wadda aka fara tunaninta tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, aka shirya mata manyan fankoki 37 don ta ba da megawat 10, ta ci fiye da shekara goma ana ja, har aka sace wani injiniya Bafaranshe da ke aikinta a watan Disamba na 2012. Aikin samar da megawat 10 daga madatsar Tiga da megawat 6 daga ta Challawa shi ma ya ratsa gwamnati fiye da ɗaya. A gefen abin da ya kammalu, akwai tashar hasken rana mai megawat 10 a Challawa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023, da ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 da aka buɗe a 2019. Darasin da ke cikin waɗannan duka guda ne: ranar yanke ƙyalle ba ita ce ma'aunin aiki ba, ma'auninsa shi ne shekara ta biyar da ta goma, in an zo aka tarar yana ba da abin da aka yi alkawari. Tashar wuta kamar doki ce, sayensa rana ɗaya ne, amma harawa da dawa da ɗan barga kullum ne. Wanda bai yi tanadin na biyun ba, gara kada ya yi cinikin na farkon.

Nasihata ta farko ita ce kada ku tsare wannan alheri a cikin birni da unguwannin masana'antu kaɗai. Na san ɗan kasuwa inda kuɗi yake nan yake fuskanta, ba kuwa aibi ba ne. Abin da nake so ku lura shi ne garuruwa irin Wudil ba mabarata ba ne, abokan ciniki ne da ba a ƙidaya ba. Ga gari a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, da kasuwar Juma'a wadda karar shanunta ta yi suna har ƙasashen maƙwabta, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote wadda aka kafa tun 2001, da Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda, da babban asibiti, da ma'aikatar ruwa, da masunta, da maɗinka, da manoman rani da suka jera injinan ban ruwa a gaɓar kogi tun daga nan har ƙauyuka, ga kuma Darki da Lajawa da Utai da Indabo kowannensu da nasa masu sana'a. Mafi yawan buƙatar waɗannan mutane da rana take, daga hantsi zuwa la'asar, wato daidai lokacin da faifan sola ke kan ganiyar aikinsa. Wutar da aka sha nan take ba ta bi ta batir ba ita ce mafi araha, domin batir shi ne ɓangare mafi tsada kuma mafi saurin tsufa a cikin tasha. Saboda haka manomin da ke ban ruwa da azahar, da mai casar shinkafa, da mai ɗakin sanyi da zai adana kifi da nama da nono da tumatir, su ne ainihin waɗanda za su sa tashar sola ta biya kanta. Sa'an nan a keɓe abin da batir ya tara don dare, a fara da asibiti da famfunan ruwa da ɗakunan karatun ɗalibai.

Ta biyu ita ce adalci wajen rabo. Tun watan Afrilu na 2024, da Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga farashin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kowane kilowat na awa guda bisa sharaɗin wutar awa 20 a yini, jama'a suka fara jin cewa an raba su gida biyu, masu haske da masu jira, tun da rukunin ƙarshe alkawarinsa awa 4 ne kacal. Idan sabuwar wutar rana ta zo ta bi wannan tsohuwar hanya, ta ƙara wa mai awa 20 ta bar mai awa 4 inda yake, to, an sami ƙarin megawat amma ba a sami ƙarin maslaha ba. Ina roƙonku ku ajiye ƙa'ida a rubuce, ku kuma bayyana ta ga kowa, cewa cikin kowane kaso na sabbin tashoshi akwai rabo sananne na garuruwan da ke wajen birni.

Ta uku ta shafi awo, kuma a nan ne amana take. Malamanmu na fiƙihu sun sanya cikin sharuɗɗan ingancin ciniki a san abin da ake sayarwa, a san kuma kuɗinsa, suka hana cinikin garari, wato wanda ake cikin jahilcin adadinsa. Alƙur'ani mai girma kuma ya keɓe sura guda da sunan masu tauye mudu. Takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi, wadda ake rubutawa ba tare da mita ba, ita ce tushen mafi yawan husumar da ke tsakanin kamfanonin wuta da jama'a a duk faɗin Nijeriya, domin mai saye yana zargin an zalunce shi ko da ba a zalunce shi ba, mai sayarwa kuma ba shi da shaidar da zai kare kansa. Kada ku haɗa ko gida ɗaya da sabuwar tasha sai da mitarsa. Dokar ƙananan tashoshi ta riga ta tanadi yarjejeniya tsakanin ɓangarori uku, kamfanin rarrabawa da mai gina tasha da jama'ar gari. To, a rubuta wannan yarjejeniya da Hausa, boko da ajami, a karanta ta a gaban hakimi da dagatai da limamai da shugabannin 'yan kasuwa, a faɗi farashi, a faɗi awannin da aka lamunce, a faɗi abin da zai biyo baya in kamfani ya gaza, kamar yadda ake faɗin abin da zai biyo baya in mai shan wuta ya ƙi biya.

Ta huɗu ita ce kiyaye kayan aiki, kuma ƙasarmu tana da nata halin da injiniyan da ya yi karatu a Turai zai iya mantawa. Ƙurar hunturu tana kwanta a kan faifai ta rage masa ƙarfi, sai an bi shi da wanki a kai a kai, wankin kuwa yana son ruwa da ma'aikata da albashinsu. Zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana gajarta ran batir in ba a yi masa ɗaki mai iska ba. Iskar farkon damina tana ɗaga abin da ba a kafe shi da kyau ba. Duk wannan yana buƙatar asusu na musamman da za a riƙa zuba wani abu a ciki tun daga watan farko, don ranar da batura za su nemi canji kada a tsaya jiran gwamnati ko mai ba da tallafi. Yana kuma buƙatar masu gyara 'yan gari, waɗanda in abu ya lalace da asuba za su iso kafin hantsi. Ga jami'a a ƙofar gida tana yaye injiniyoyi kowace shekara, ku ƙulla alaƙa da ita, ku ɗauki ɗalibanta koyon aiki, ku horar da samarin da tuni suke ɗaura sola a gidaje da shaguna. Haka nan ku yi tanadin karɓar matattun batura, musamman masu dalma, kada su faɗa hannun masu fasa su a tsakar gida. Abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu ta dalilin haƙar zinariya, ya isa ishara ga irin ɓarnar wannan ƙarfe a jikin ƙananan yara.

Ta biyar ita ce ƙasa. Kowane megawat ɗaya na sola yana cin fili kimanin hekta 2, gona kuwa a wurinmu gadon iyaye ce da abincin 'ya'ya. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ba hukuma ikon karɓar fili don amfanin jama'a, amma abin da doka ta halatta ba kullum ne yake wanke zukata ba, kuma diyyar da aka biya sau ɗaya takan ƙare kafin shekara ta zagayo. Ku nisanci fadama da gonaki masu albarka, ku nemi faƙo da rufin manyan gine-gine da rumfunan kasuwa, kada ku toshe burtali ko mashaya. Inda ba makawa sai an shiga gonar wani, a yi ijara ta shekara-shekara, mai ƙasa ya ci gaba da zama mai ƙasa, yana karɓar haƙƙinsa muddin tasha tana aiki. Wanda yake da rabo a cikin abu shi ne farkon mai gadinsa.

Game da iska kuwa, shawarata gajeriya ce: kada a kafa fanka ko ɗaya sai an auna ƙarfin iskar wurin shekara cikakkiya, rani da damina, kuma kafin a fara sabuwa a tabbatar ta Lambar Rimi, wadda ke cikin yankin kasuwancinku, tana ba da duk abin da za ta iya.

Ba zan rufe ba sai na ambaci abin da ke kanmu, domin adalci ba ya tsayawa da ƙafa ɗaya. Satar wuta ta bayan mita haram ce kamar satar hatsi a rumbu, ƙin biyan abin da aka sha cin haƙƙi ne, sayen wayar wuta ko man taransifoma daga hannun ɓarawo kuwa taimakekeniya ce a kan zunubi. Wajibi ne malamanmu su faɗi haka a kan mumbari, masu unguwanni su tsaya a kai, iyaye su tsawata wa 'ya'yansu. Jama'a sukan kiyaye abin da suka ga amfaninsa kuma suka yarda da gaskiyar awonsa.

Don haka ina roƙonku, ya ku shugabanni, ku aiko da injiniyoyinku da masu lissafinku Wudil, su ƙidaya injinan ban ruwa da na niƙa da janaretocin da ke aiki a garin nan, su tambayi kowane mai sana'a abin da yake kashewa a mai kowane wata, su zauna da hakimi da shugabannin kasuwa da hukumar jami'a, sa'an nan ku bayyana wa jama'a abin da kuka samu da abin da kuka yanke. Ku sa Wudil cikin jerin farko na garuruwan da za a kafa wa tashar hasken rana da batura, ku kafa ta bisa mita da yarjejeniya da tanadin gyara. Allah Ya yi muku jagora, Ya sa ku sauke wannan amana lafiya.

Haza wasalam.

Naku mai fatan alheri,
Wani mazaunin Wudil.