Masu Kallo Na Da Bakin Magana

Duk wanda ya zauna a majalisar matasa a Gwarzo ko Kabo, ko ya leƙa shagon cajin waya inda ake tura fim, ya san irin gardamar da ake tafkawa game da wasannin kwaikwayo masu dogon zango. Babban kukan jama'a shi ne jan labari.

Tun da Labarina na Aminu Saira ya fara fitowa a tashar Arewa24 a 2020, mutane suka karɓe shi hannu bibbiyu. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, sai masu kallo suka rabu biyu, har wasu na cewa sun daina kallo. A ganinmu sauya fuska ba laifi ba ne, ɗan wasa yana da ikon kama gabansa. To, amma abin da ke damunmu a shirye-shirye da dama shi ne a shafe mako uku ana nanata magana ɗaya a falo ɗaya, don kawai zango ya cika.

Mai kallo a ƙauye fa ba kyauta yake kallo ba. Da guminsa yake sayen data, ko man janareta, ko ya biya mai turawa. A zamanin Samanja, Usman Baba Pategi kan ƙulla rigima ya warware ta a zama ɗaya, kowa ya tashi da abin dariya.

Muna kira ga marubuta da daraktoci da su tsayar da ƙarshen labari a takarda tun kafin a kunna kyamara, kana su sanar da jama'a zango nawa za a yi.