Mu Marubuta, Ina Labarin Bahar Maliya?

Yau da 'yan'uwana marubuta zan yi, ni ma ban cire kaina ba.

Kullum jarumanmu a jirgin sama suke, daga Dubai sai Landan. Alhali kakanninmu da ƙafa suka ratsa Chadi da Sudan har gaɓar Sawakin, suka hau jirgin katako wanda iska ke turawa, suka nufi Jidda.

Ina ƙarama, a tsakar gidanmu na Daurawa, kakata ta ba mu labarin tsallakawarsu. Jidda tana arewa maso gabas da Sawakin, iskar wajen kuwa galibi daga arewa take busowa, wato gaba da gaba ke nan. Dole matuƙi ya riƙa karkata jirgi, dama, hagu, kamar mai hawan dutse da kaya. Ruwan sha ya kusa ƙarewa.

Wata safiya, in ji ta, wani baƙin abu kamar tudu ya taso gefensu yana feso ruwa sama. Kowa ya kama addu'ar Annabi Yunusa. Sai da na girma na san dabbar nan iska take shaƙa, har nono take ba ɗanta.

Wannan bai isa littafi ba? Kakata ta rasu ban rubuta komai daga bakinta ba, ina can ina ƙirƙiro attajirai. Tsofaffin da suka ji daga bakin masu tafiyar ƙarewa suke yi. Mai sauran tsohuwa a gida, don Allah ya ɗauki biro yau.