Gini Ba Ya Yin Allura

Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kuwa zan faɗe ta, ko da za ta ɓata wa waɗansu dattawa rai. A wani zama na majalisar ikilisiyarmu mun kwashe awa uku cur muna gardama a kan lasifika: wace iri za a saya, a Maraɗi ko a Kano, wa zai riƙe makullin akwatinta. Da aka gama, magatakarda ya karanta wasiƙar wata yarinya, 'yar wani manomi daga cikinmu, wadda ta ci jarrabawar BEPC, tana roƙo a taimake ta da kuɗin shekarar farko ta makarantar jinya. Abin da ta roƙa bai kai rabin kuɗin lasifikar ba. Ba a yi minti goma ba aka rufe zancen. Wani ya ce wannan aikin gwamnati ne. Wani ya ce 'ya mace ce, gobe za a yi mata aure a tafi da ita. Na uku ya ce mu sa ta cikin addu'a. Ni ma ina wurin, ban buɗe baki ba, kunyar wannan shirun ce ta sa na ɗauki alƙalami.

'Yan'uwa, mu mutanen Nijar mun iya roƙon gini. In babban mutum ya zo gari, abin da maigari zai fara ambata shi ne a gina mana gidan likita. An kuwa gina. Daga shekarar 2001, cikin shirin musamman na Shugaba Tandja Mamadou, an gina ƙananan ɗakunan shan magani sama da 2,000 a ƙauyuka, a 2006 kuma aka ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu zuwa awon ciki ba za su biya ba. Wannan aiki ya yi amfani, ba mai musu. A 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa, wajen 226 ne ba sa kai shekara 5. A 2009 adadin ya sauko zuwa 128. Amma ku tambayi kanku, mene ne ya saukar da shi? Bulo da kwano ne? Mutanen da aka zaunar cikin ɗakunan nan ne, waɗanda da yawansu horon 'yan watanni kawai suka samu, suka koyi gane masassarar cizon sauro da ciwon haƙarƙari da gudawa, suka ba da magani tun yaro bai galabaita ba. In horon 'yan watanni ya yi wannan, to, mene ne horon shekara 3 zai yi?

Da yawa daga cikinmu suna tsammani aikin malamin asibiti shi ne ya jira mara lafiya ya zo, ya soka masa allura, ya miƙa masa ƙwaya. Wannan rashin sani ne. Je ka zauna mako ɗaya wurin wanda muke kira majo, mai riƙe da gidan likita na karkara, ka gani. Kafin ya karya kumallo zai duba firjin magungunan rigakafi, ya rubuta sanyinsa a takarda, da yamma ya sake, gama in ya wuce digiri 8 ko ya sauka ƙasa da 2 maganin zai iya lalacewa, a yi wa yara allurar da ba ta tsare kome. Ranar awo zai auna jinin mata masu ciki, ya duba kumburin ƙafa, ya gane wadda haihuwarta za ta fi ƙarfinsa, ya tura ta babban asibiti tun kafin naƙuda. Zai ɗaura wa yara ɗan zaren awo a damtse. In ya faɗa kan ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ta yi tsanani ke nan. Zai hau babur ya bi rugage da tungaye da akwatin sanyi a bayansa. Da damina, wata wata, zai jagoranci masu bi gida gida suna ba yara maganin tsare masassara. Kowane mako kuma zai ƙirga masu sanƙarau da ƙyanda da amai da gudawa, ya aika da lissafin gaba. Wannan ɗan lissafin, wanda ba mai yaba masa a kansa, shi ne ƙararrawar ƙasa duka. Waɗanda suka ga sanƙarau na 1995 ba su manta yadda aka kwantar da mutane a ƙarƙashin itatuwa ba. An samu sabuwar allura a 2010, muka ce mun huta, sai ga wani irin sanƙarau a 2015 ya kama mutum fiye da 8,000, ya kashe fiye da 500. Annoba irin wannan, wanda ya fara ganinta shi ne wanda yake zaune a ƙauye yana ƙirga.

Irin wannan mutum ba ya faɗowa daga sama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙasa tana bukatar likitoci da masu jinya da ungozoma fiye da 4 ga kowane mutum 1,000. Mu ba mu kai ko 1 ba. 'Yan kaɗan ɗin da muke da su kuma sun taru a Yamai da manyan birane, alhali yawancin jama'a suna karkara. Ƙidayar 2012 ta same mu miliyan 17, yanzu mun haura miliyan 25. Kowace shekara ana ƙara haihuwa, hannuwan da za su karɓi haihuwar ba sa ƙaruwa daidai da haka.

To, a nan ne nake da faɗa da masu cewa aikin gwamnati ne. Gaskiya ne gwamnati tana da makarantu, akwai ta ƙasa a Damagaram, akwai ta Yamai wadda aka sa wa sunan Damouré Zika, shi ma ma'aikacin jinya ne kafin duniya ta san shi a fim. Akwai makarantu masu zaman kansu kuma birjik. Amma su wa suke cika su? 'Ya'yan birni, waɗanda iyayensu suke da albashi. Yaro ya tashi da famfo da lantarki, ya gama karatu, a tura shi ƙauyen da motar kasuwa take zuwa sau ɗaya a mako, wani lokaci ma harshen mutanen wurin ba ya ji. Wata uku ba za su cika ba zai fara neman wanda zai yi masa hanya a mai da shi birni. Ban ga laifinsa ƙwarai ba. Laifin na wanda ya yi zaton za a cire kifi daga ruwa ya yi kiwo a tudu ne. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawara cewa, in ana so ma'aikata su zauna a karkara, a ɗauki ɗalibai 'yan karkara. Kakanninmu ba su bukaci hukuma ta gaya musu wannan ba. Gwamnati tana iya buɗe makaranta, amma ba za ta shigo gidanka ta zaɓi 'yarka ta biya mata kuɗin mota da na haya ba. In ƙauye bai tura nasa ba, zai yi ta jiran na wani, na wanin kuwa baƙo ne, jakarsa a ɗaure take.

Mu masu bi ya kamata mu fi kowa jin kunyar wannan. Asibitin Galmi yana aiki tun 1950, na kutare a Danja tun 1956. Mutane sun baro ƙasashensu masu nisa, suka zo suka wanke gyambon iyayenmu, waɗansu an binne 'ya'yansu a ƙasarmu. Muka gaji sunan, muna taƙama da shi a gaban maƙwabta. Amma fiye da shekara 70 bayan haka, har yanzu in aka ce hidimar Ubangiji, makarantar Littafi Mai Tsarki kaɗai muke gani. In yaro ya ce zai zama mai bishara, ana tara masa hatsi da kuɗi, ana yi masa addu'ar sallama. In ya ce zai koyi jinya, sai a ce neman abin duniya ya tafi. Wa ya raba mana waɗannan biyu? Basamariyen da Ubangijinmu ya ba da misali da shi, bayan ya ɗaure raunukan mutumin nan, ai hannu ya sa a aljihu ya biya mai masauki domin jinya ta ci gaba. Wannan ɓangaren labarin ne ba mu cika yin wa'azi a kansa ba.

Sai masu cewa 'ya mace ce, za ta yi aure. To, sai me? Aure yana goge karatu daga kai ne? In ta auri ɗan garin da ke gaba, garin da ke gaba ya samu ungozoma. A ƙasar da mata 3 cikin 4 ake aurar da su kafin su cika shekara 18, yarinyar da ta kai ga BEPC daga ƙauye ta riga ta haye kogin da ya cinye ɗaruruwa. Kuma mace muke bukata musamman. Kowa ya san akwai matan da za su gwammace su kwana biyu suna naƙuda a ɗaki da namiji ya duba su, akwai mazan da ba za su bari ba. Sakamakon wannan jinkirin yana kwance a Danja, inda aka buɗe asibitin masu yoyon fitsari a 2012. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan matan da suke jiran aiki a wurin ba zai ƙara cewa karatun ungozoma asara ne ba. Tsoron da na yarda da shi guda ne, wato yarinya ita kaɗai a birni. Wannan kuwa yana da magani: muna da ikilisiyoyi a Damagaram da Maraɗi da Yamai, a cikinsu akwai iyayen da za su riƙe ta kamar tasu, in an roƙe su.

Akwai ƙarar da ta fi waɗannan nauyi, ba zan ɓoye ta ba. Za a ce, ga waɗanda suka gama karatun suna zaune ba aiki, suna yi wa asibitoci aikin sa kai shekara da shekaru suna jiran gwamnati ta ɗauka. Haka ne. Amma wannan ƙarar a kanmu take komawa. Ƙananan gidajen magani na ikilisiyoyi da na ƙungiyoyi su ma sun koyi wannan hali: a sa yaro aiki dare da rana, in ya tambayi albashi a ce masa ladansa yana sama. Kada mu ɗauki sunan sadaukarwa mu rufe rowa da shi. Mai jinyar da ba a biya ba, ko dai ya tafi, ko ya fara sayar da maganin da aka ce kyauta ne, mu kuma mu taru muna zaginsa. Wanda ya tura yaro makaranta, sai ya yi tunanin abin da yaron zai ci in ya dawo.

Abin da nake roƙo ba shi da wuya. Kowace gunduma ta ikilisiya ta ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya a shekara, ɗan ƙauye ko 'yar ƙauye, a rubuta yarjejeniya a gaban iyaye cewa in ya gama zai yi shekara 3 a yankin. A gina masa ɗaki mai ƙofa da makewayi kusa da gidan likita. In gwamnati ba ta ɗauke shi ba tukuna, jama'a su ɗauki albashinsa. Mu 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, ba za mu iya mu kaɗai ba, ba kuma dole sai ɗanmu ba. A je wurin maigari da liman a yi shawara tare, gama ƙyanda ba ta tambayar wane ɗakin sujada uban yaro yake zuwa. In 'yar liman ce ta fi ƙoƙari a makaranta, a tura ta, mu sa namu kason.

Yarinyar nan tana nan gidan ubanta, tana taya uwarta sayar da ƙuli-ƙuli, takardar BEPC ɗinta tana cikin akwati. Na roƙi magatakarda ya sake sa wasiƙarta a zama mai zuwa, a farkon ajanda, kafin maganar gyaran lasifika, gama ta riga ta fara ƙara.