Kunnen Mai Fargaba

'Yan'uwa manoma, Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Haka fargaba take yi wa kunnen mutum. Mai fargaba yana neman labari ido rufe, kuma mummunan labari shi ya fi saurin kamawa.

Ku tuna daren 11 ga Disamba 2020, da 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. Iyaye suka cika ƙofar makaranta, kowa na tambayar kowa, adadin yaran yana ta canjawa daga baki zuwa baki. Sai ran 17 ga wata aka sako su. Kwana shida iyaye suna fama da rashin 'ya'ya, ga kuma ji-ta-ji-ta.

A watan Satumba 2021 aka rufe layin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ƙishin labari bai ragu ba, sai ya koma tasha da kasuwa, inda kowa ke ƙara wa magana gishiri.

Illar iri biyu ce. Wani ya ji ƙarya ya bar dawarsa a gona, ko ya karyar da hatsinsa da arha. Wani kuma ya gaji da ji, ya toshe kunne, har gargaɗin gaskiya ya wuce shi. Dukansu tsoro ne ya zaɓa musu abin da za su saurara.

A Littafin Ƙidaya sura 13, mutum goma sha biyu suka leƙo ƙasa ɗaya, amma goma suka kawo rahoton da ya karya zuciyar jama'a.

Ba mu ce a raina gargaɗi ba. In an ce ga hari nan, a fara tsira da rai. Amma kafin ka isar da magana, yi tambaya uku: wa ya gani da idonsa, a ina, yaushe? Kowace unguwa ta zaɓi dattawa biyu ko uku, Kirista da Musulmi, su riƙa bincike tare da mai unguwa kafin a shelanta. Gani ya kori ji.

Allah ya kwantar mana da hankali, ya ba ƙasarmu salama. Amin.