Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi, Wayarmu Kuwa Kukan Wasu Ta Haddace

Wata safiya cikin damina mun tsaya mu uku a ƙofar ofishinmu a Kano, kowa ya ɗaga wayarsa yana nuna ciyayin bayan katanga. Wani tsuntsu ne ke kuka a ciki, bu-bu-bu-bu, kamar ana tsiyaye ruwa daga gora. Manhajar gane kukan tsuntsaye da muka sauke ta yi ta juyi, ta kasa cewa uffan. Baba maigadi ko ɗago kai daga tasbaharsa bai yi ba, ya ce, "Ragon maza ne, samari." Mu uku, digiri uku na kimiyyar kwamfuta, muka mayar da wayoyinmu aljihu.

Tun ranar muke sauraron tsuntsaye, tun ranar kuma muke shan ba'a. Wasu sun ce aikin Turawa ne da marasa abin yi. Wasu sun ce mutane na fama da tsadar masara da rashin tsaro, mu muna bin kurciya. Abokan sana'armu kuwa cewa suke mu huta, ƙirƙirarriyar basira za ta yi mana komai. Dukkansu sun yi kuskure, amma na ƙarshen nan ya fi ba mu haushi, domin sun san yadda na'urar take aiki.

Ga yadda take aiki. Manhaja tana mayar da sauti hoto, zane mai nuna kauri ko sirantar murya da tsawonta, sannan ta gwada shi da tarin zanen da aka koya mata. Abin da ba a ɗura mata ba, ba ta san shi ba. Shahararriyar cikinsu, Merlin ta Jami'ar Cornell, ta fara gane kuka a 2021 ne da tsuntsayen Amurka da Kanada, saboda mutanen can sun shekara da shekaru suna naɗar kukan tsuntsayen bayan gidajensu suna sa musu suna. Wayo bai ba su wannan ba, sammako ne ya ba su. Najeriya tana da nau'in tsuntsaye sama da 900. Wa muke jira ya taso daga wata uwa duniya ya naɗi kukan suda a Ɓagwai?

Masu cewa aikin Turawa ne, su gaya mana Baturen da ya raɗa wa cilakowa suna. Kakanninmu ne suka saurari zakaran ƙeƙuwa da kirinjijiya da yautai har suka sa su a karin magana da tatsuniya. Manomi yana ganin shamuwa ya fara gyaran fartanya. Mai gero ya san ƙarar garken jan baki tun kafin ya sauka masa a gona. Wannan ilimi ne na cin abinci, kuma namu ne. Mu ne muka yar da shi, har ta kai yaron birni duk abin da ke da fiffike "tsuntsu" yake ce masa, sai ko tattabara da kaza.

Masu cewa akwai abin da ya fi wannan damuwa, gaskiyarsu, akwai. Amma minti goma bayan sallar asuba bai taɓa hana kowa fita nema ba, kuma wanda ba ya saurare ba ya sanin ranar da aka yi shiru. Ungulu ta cika mahautanmu muna yara. A 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke daf da ƙarewa a duniya. Mu nawa ne muka lura da ranar da muka daina ganinta? Gauraka fa, yaushe rabonmu da jin kukanta?

Kunne ma yana gano abin da ido ya tsallake. A duwatsun Jos akwai wani ɗan baƙin tsuntsu da ke saka ƙwai a sheƙar wani, ɗansa ya tashi yana kwaikwayon kukan masu riƙonsa. Bin wannan kwaikwayo ya kai masani Robert Payne ga wani ɗan jan tsuntsu da littattafan kimiyya ba su san da shi ba, aka ba shi suna a 1998. A Laminga kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis tun 2001, inda 'ya'yan ƙasar nan ke karatun wannan fanni. Fadamun Haɗejiya da Nguru kuwa har daga Turai tsuntsaye ke zuwa cin rani.

Saboda haka ba mu ce a jefar da waya ba. A juya ta ne. Maimakon mu tambaye ta, mu koya mata. Ku fito da sassafe kafin babura su farka, ku danna naɗar murya, irin wadda kuke aika gaisuwar Juma'a da ita. Ku kai wa tsohon unguwa, ko mafarauci, ko Bafulatani mai kiwo, ya faɗa muku sunan. Ku rubuta wuri da rana. Mai data ya ɗora a xeno-canto, rumbun kukan tsuntsaye na kyauta da aka buɗe a 2005, ya sa sunan Hausa a bayanin. Idan Zazzagawa da Damagarawa sun saɓa a suna, a rubuta duka biyun.

Mu masu rubuta manhaja mun san ana ajiye kwafin duk abin da ake tsoron rasawa. Baba maigadi ya haura saba'in, kuma abin da ke kunnensa ba shi da kwafi a ko'ina. Gobe da asuba za mu zauna kusa da tabarmarsa mu tambaya.