Koke Kan Kafa Hukumar Tantance Ƙwararrun Hoton Haƙori da Muƙamuƙi

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a na Tarayya,
Abuja.

Ta hannun Shugaban Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, Ijanikin, Legas,
da Magatakardan Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, MDCN.

Ranka ya daɗe,

Mu da muka sa hannu a ƙasan wannan takarda likitocin haƙori ne, da ma'aikatan ɗakin hoto, da wasu malamai masu koyar da likitancin haƙori a jihohin Arewa. Kukanmu guda ɗaya ne: na'urorin ɗaukar hoton haƙori da muƙamuƙi sun riga masu karanta hoton isowa asibitocinmu. Muna roƙon a kafa tsayayyiyar hukuma wadda za ta shimfiɗa horon wannan fanni, ta shirya jarrabawarsa, ta ba da shaidar ƙwarewa, ta kuma riƙe rajistar waɗanda suka cancanci sa hannu a kan sakamakon hoto.

Ga yadda abin yake a wuraren aikinmu. Mara lafiya ya zo da kumburi a haɓa, a tura shi ɗakin hoto, ya biya kuɗi, ya dawo da fim ko faifai a hannu, babu ko layi ɗaya na bayani a tare da shi. Likitan da ya tura shi ne zai ɗaga fim ɗin ya duba a hasken taga. In abin ya shige masa duhu, sai ya ɗauki hoton fim ɗin da wayarsa ya jefa a zauren WhatsApp na abokan karatu, kowa ya faɗi abin da ya gani. Wani lokaci a dace. In ba a dace ba, babu sunan kowa a takarda, babu wanda za a tambaya. Ba muna kushe abokan aikinmu ba ne, mu ma haka muke yi, domin a yawancin wuraren da muke babu wanda za a kai wa.

Da ruɓewar haƙori kaɗai hoton ke nunawa, da ba mu dame ka ba, wannan kowane likitan haƙori ya iya. Muƙamuƙi ƙashi ne mai cututtukansa na kansa, kuma wasunsu sun fi yi mana yawa a wannan yanki na Afirka. Akwai ƙarin da ake kira amelobilastoma, wanda ke tasowa daga ragowar ƙwayoyin da suka gina haƙori, galibi a bayan muƙamuƙin ƙasa. Ba ya ciwo da farko. A hoto, idan ya girma, yakan fito kamar kumfar sabulu a cikin ƙashi, wanda ko ɗalibi zai gane. Amma yana ƙarami, duhu ne ɗan zagaye a gindin haƙori, ba shi da maraba da ƙullutun ruwa na yau da kullum sai a idon wanda ya ƙware. A cire haƙorin, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sallami mutum. Bayan shekara uku ko huɗu ya dawo da fuska a karkace, a lokacin babu sauran dabara sai a yanke rabin muƙamuƙi, a ɗebo ƙashin haƙarƙari ko na ƙugu a yi masa ciko, in yana da halin biya. Da yawa a cikinmu mun tsaya a ɗakin tiyata ana irin wannan aiki, tsohon fim ɗin mara lafiyar yana cikin fayil, ƙarin kuwa ga shi nan a jikinsa tun ranar farko.

Na yara ya fi gaggawa. Sankarar da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958 ta fi kama yara a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma muƙamuƙi na cikin wuraren da ta fi fitowa. Tana cikin ƙarin da suka fi kowanne saurin girma a jikin ɗan Adam, cikin 'yan makonni take canza kamannin yaro. Alamarta ta farko a hoto ita ce ɓacewar siririn farin layin ƙashi da ke kewaye da saiwar haƙori, sai haƙoran su zama kamar suna yawo ba su da mazauni. Mai ido zai ce a garzaya da yaro sashen masu ciwon daji, inda maganin ke aiki ƙwarai in an zo da wuri. Wanda bai saba ba zai ce haƙoran yaro ne ke girgiɗa, ya cire su.

Sauran ba sai mun tsawaita ba. Masu sikila, waɗanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, ƙashin muƙamuƙinsu kan ruɓe ta hanyar da ke rikita mai dubawa. Yaron da ya faɗo daga babur ya daki haɓa, karayar da ke kusa da kunne takan ɓuya, sai daga baya gaɓar ta manne, bakin ya ƙi buɗuwa. Akwai kuma tarin jijiyoyin jini da kan ɓoye a cikin ƙashi, wanda in aka cire haƙorin da ke kansa jini na iya ɓallewa har a rasa rai a kan kujera. Sannan ga cutar noma mai zaizaye fuskar yara. Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a watan Disamba na 2023, kuma asibitin yara masu wannan cuta da ke Sakkwato yana aiki tun 1999. Yaran da suka tsira, da yawansu muƙamuƙinsu a manne yake, kuma likitan da zai gyara fuskar yana bukatar wanda zai karanta masa hoton dalla-dalla kafin ya ɗauki wuƙa. Ƙasar da ta kai wannan magana gaban duniya ta cancanci ta horar da irin wannan mutum a gida.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne shigowar na'urar CBCT, mai fitar da hoton kai da muƙamuƙi ta fuska uku. An fara amfani da ita a aikin haƙori a Italiya da Japan a ƙarshen shekarun 1990, yanzu kuwa ta iso manyan biranenmu, har da asibitoci masu zaman kansu, saboda masu dashen haƙori suna son ganin inda jijiyar muƙamuƙi ta bi kafin su huda ƙashi. Na'ura ce mai amfani, muna maraba da ita. Sai dai hoto ɗaya nata yana iya kamo kogunan hanci, da gindin ƙoƙon kai, da ƙasusuwan wuya na sama. Likitan da ya ɗauki hoton don turmi ɗaya zai duba turmin ya rufe kwamfuta, alhali duk abin da ya fito a hoton yana wuyansa, ko ya duba ko bai duba ba. Dillalin da ya sayar da na'urar yakan koyar da danna maɓallanta a kwana biyu ko uku ya kama hanya. Karatun abin da ta fitar aikin shekaru ne.

Akwai kuma batun hasken da ke ratsa jiki. Ƙaramin hoton haƙori ɗaya abin da yake zuba wa mutum kaɗan ne, amma faffaɗan hoton CBCT yana iya ninka na hoton baki gaba ɗaya sau goma ko fiye, kuma jikin yara ya fi na manya jin illarsa, musamman ido da ƙwayar tayirod da ke wuya. Wanda ya ci bashin banki ya sayi na'ura, kullum zai ga dalilin kunna ta. Wannan halin ɗan Adam ne, ba sai mugu ba. Hukumar NNRA mai sa ido kan harkokin nukiliya, wadda dokar 1995 ta kafa, tana ba da lasisin na'ura tana duba ginin ɗaki, Hukumar Rajistar Masu Ɗaukar Hoto da aka kafa a 1987 tana kula da masu sarrafa ta, kuma duka biyun aikinsu suke yi. Amma ko wannan yaro yana bukatar wannan hoto tun farko, da wane girma za a ɗauka, da abin da hoton ya ce, hukunci ne na likita, kuma nan ne muke ganin giɓi.

Mun san abin da za a ce mana: ai akwai likitocin rediyoloji. Akwai su, muna girmama su, muna kuma aiki tare da su kullum. Amma su kansu ba su ishi ƙirji da ciki da ƙwaƙwalwa da mahaifa ba, kuma ba su yi shekarun da muka yi a kan haƙori da yadda yake tsirowa ba. Da yawansu in ka kai musu hoton baki, cikin ladabi za su ce maka kai ne mai abin. Mu kuma abin da muka samu darasi ne cikin darussa a makaranta, da abin da muka tsinta a bakin aiki. Fannin ya faɗa tsakanin gida biyu, kowane gida yana zaton ɗayan ne ke riƙe da shi.

Wasu ƙasashe sun bi ta nan kafin mu. Otto Walkhoff, likitan haƙori a Jamus, ya ɗauki hoton haƙoransa a farkon 1896, 'yan makonni bayan Röntgen ya sanar da gano hasken da ke ratsa jiki, ya zauna minti 25 na'ura na haska shi. Duk da wannan tsufa, a Amurka sai a 1979 aka kafa hukumar tantance ƙwararrun fannin, shekarar da aka kafa Kwalejinmu ta Ƙasa, kuma sai a 1999 Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta amince da shi a matsayin fanni mai cin gashin kansa. Hukumar ta yi shekara 20 tana jarrabawa tana tara ƙwararru kafin amincewar ta zo. A Ingila ma fannin yana da rajistarsa ta daban a hukumar kula da likitocin haƙori. Abin da muka ɗauka daga wannan tarihi shi ne ba a jiran ƙwararru su yi yawa kafin a kafa hukuma, hukumar ce ke haifar da su.

Saboda haka muke roƙo, ranka ya daɗe, ka sa baki Kwalejin Ƙasa da MDCN, tare da shawarar Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, su zauna su kafa wannan hukuma a ƙarƙashin inuwar Kwalejin. Ba sabon gini muke nema ba, ba motocin ofis ba. Manhaja muke nema, da jarrabawa, da rajista, da gurbin aiki na babban likita a asibitocin koyarwa, domin matashin da ya ba fannin shekarunsa ya san akwai kujerar da ke jiransa. Yanzu wanda ya ƙwallafa rai a kan wannan karatu yakan nemi hanyar waje, kuma mun ga masu tafiya ba safai suke dawowa ba. Muna so horon ya shiga ƙarƙashin Dokar Horon Likitoci Masu Neman Ƙwarewa ta 2017, ya ci moriyar tallafin da sauran fannoni ke ci.

Inda irin wannan aiki ya fi lalacewa shi ne ranar farko: wa zai jarraba masu jarrabawa? Idan aka ce duk wanda ya daɗe yana duba hoto a ba shi shaida kyauta, an kashe hukumar kafin ta tashi, domin takardar za ta zama ladan tsufa. Shawararmu ita ce a buɗe ƙofa ta ɗan lokaci, mai ranar rufewa a rubuce, manyanmu da suka daɗe a aikin su gabatar da hotunan da suka karanta da sakamakon da ya biyo baya, su kuma zauna gaban masu jarrabawa daga waje waɗanda ba su san su ba. A cikin masu sa hannu a wannan takarda akwai waɗanda furfura ta kama, sun kuma yarda su zauna. A hukumar a sa likitan rediyoloji, da likitan fiɗar muƙamuƙi, da masanin gwajin tsoka, da wakilin masu ɗaukar hoto, don kada ta zama kulob na mutum biyar.

Muna kuma roƙon kada cibiyoyin horon su taru a kudu kaɗai. Kano da Zariya da Maiduguri da Sakkwato suna da asibitocin koyarwa, suna kuma karɓar marasa lafiya har daga Nijar da Chadi da arewacin Kamaru. Ɗalibi ba zai rasa abin gani ba. Ba ma sa ran kowane babban asibiti zai samu ƙwararrensa nan kusa. Amma hoton zamani yana tafiya ta intanet, ƙwararre ɗaya a Kano zai iya karanta na Gumel da na Azare ya mayar da rubutaccen sakamako mai sa hannu a rana guda, muddin doka ta san da shi kuma akwai mai biyansa. Kafin nan, muna neman a fitar da umarni cewa duk faffaɗan hoton CBCT sai ya fita da rubutaccen bayani da sunan likitan da ya karanta shi.

A shirye muke mu zo Abuja ko Ijanikin duk ranar da aka kira mu, da daftarin manhaja da muka fara tsarawa, da hotunan marasa lafiya da aka cire sunayensu, domin kwamitin da za a naɗa ya gani da idonsa.



Mu ne naka,
Likitocin haƙori, ma'aikatan ɗakin hoto da malaman likitancin haƙori na jihohin Arewa da suka sa hannu.