Littafi ya san magani, bai san mai shan sa ba

A farmasin Maraɗi ko Damagaram, masanin magunguna na iya buɗe ƙamus ɗin Vidal, wanda ake bugawa a Faransa tun 1914, ya ga ƙa'idar kowane magani. Sai dai littafin ba zai gaya masa cewa dattijon da ke neman diclofenac saboda ciwon gwiwa yana shan maganin hawan jini ba, alhali haɗa su na iya tayar da jinin, ya taɓa ƙoda.

Mu kuwa mun saba aiken yaro da tsohon kwali a hannu. Kamata ya yi mu riƙa zuwa da karnenmu na asibiti. Su kuma su buɗe rajistar masu ciwo mai daɗewa, su duba ta kafin su miƙa magani.